Tarko a Gindin Ɓaure

Asabar, 4:40 na yamma

Jini 148 bisa 92. Na sha magani.

Likita cewa ya yi in riƙa rubuta awon jinina da tsawon tafiyar da na yi, bai ce in rubuta abin da ke cina ba. To, littafin 'yata Auta ce ta saya, biro nawa ne, zan rubuta abin da na ga dama.

Yau an tsayar da ni a ƙofar gandun daji kamar ɓarawon akuya. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina aski a layi ɗaya, ko tsinken wani ban taɓa ɗauka ba.

Wata biyar ke nan da zuciyata ta yi min gargaɗi, na faɗi da kilifa a hannu, kan mutum rabi a aske. Likita ya ce tafiya. Auta ta sa ni cikin masu hawan tsauni na ranar Asabar, ta ɗaura min mijinta, Bakanike, ya riƙa kai ni a babur yana riƙe min 'yar kujera mai naɗewa da gorar ruwa. 'Yan ƙungiyar nan tafiya suke kamar an biyo su. Su kai ƙololuwa, su ɗauki hoton haƙoransu, su sauko. Ka tambaye su me suka gani, su ce dutse. Ni kuwa taku arba'in ne in zauna, tilas ba don ina so ba. A zaman nan na gane abin da suke wucewa. In ka zauna minti goma ba motsi, iska na busowa daga gabanka, ba ka nuna komai da yatsa ba, daji sai ya manta da kai ya koma harkarsa. Rema su fito shan hantsi, makwarwa ta ratsa da 'ya'yanta a layi. Shi ya sa Auta ta samo min tsohuwar kyamara mai dogon hanci.

Sai ita. Gada ce, tana zuwa gindin ɓaure, bayan dutsen da ya tsage, ta tsinci 'ya'yan da birai suka zubar. Akwai wani tsiron gashi a tsakiyar kanta da kullum nake cewa da za ta zauna min da na daidaita shi. Mai Tukku nake ce mata.

Yau shugaban masu gadin dajin, wanda muke ce wa Ofisa, ya nuna min wayoyi rataye a ƙusa jikin ɗakin gadi. Tarkuna ne, an yi su da wayar birkin babur. Ya ce galibinsu yaransa ne suka ciro, amma uku shi da hannunsa ya kwance: ɗaya a mashayar ƙorama, ɗaya a dutsen rema, ɗaya a gindin ɓaure.

“Baba,” ya ce, “dajin nan faɗi gare shi. Me ya sa sai inda kake ajiye kujerarka?”

Na ce, “Yallaɓai, ka tambayi mai tarkon.”

Ya ce shi yake nema. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kalli Bakanike. Bakanike ya kalli takalminsa.

Wayar birkin babur. Ni dai ban zargi kowa ba.

Litinin, 1:15 na rana

Ba kowa a shago, an ɗauke wuta.

Tun jiya nake lissafin waɗanda suka san wuraren nan. 'Yan gudun tsauni ba su sani ba, ko giwa ce a gindin ɓaure sai dai su yi karo da ita. Masu gadin daji sun sani, amma aikinsu ne. Ni na sani. Saura mutum ɗaya, wanda ke buɗe min kujera.

Ni kuwa ban gaya wa kowa ba. Mutanen shago ba kowa ba ne, waɗannan kawunan na san su tun suna da gashi.

Hotunan da nake ɗauka a dajin ma sun ƙara kyau tun da na mayar da su gefen madubi. Goma sha huɗu yanzu. Ƙarƙashin kowanne na rubuta wurin da lokacin da hannuna, don aikin da ba tsari ba aiki ba ne. Da can mutum zai zauna ya ƙura wa kansa ido a madubi yana ƙirga furfura, yanzu sai ya ce, “Wanzam, wannan fa?” Ni kuma in ba shi labari har in gama gyaran fuska. Wani mai hular saƙa da ya fara zuwa kwanan nan har tambayata ya yi ko kullum Mai Tukku take zuwa ko sai an dace. Na ce kullum, bakwai da minti goma, ta fi ma'aikatan gwamnati kiyaye lokaci. Ya yi dariya sosai. Irin mutanen da ake jin daɗin yi wa aski ke nan, ba irin wasu da za ka yi ta zuba kamar kana magana da bango ba.

Na tuna wani abu. Sati biyu da suka wuce Bakanike ya tsaya gaban hotunan nan, ya daɗe, sannan ya ce, “Baba, da kun mayar da su gida. Garin gashi yana ɓata su.” Na ce ina gogewa. Ya ce, “Ko rubutun nan na ƙasa, da ba shi sai sun fi kyau.” A lokacin na ɗauka iyayi ne, mai gyaran babur zai koya min ado. Yanzu ina sake juya maganar. Me ya dame shi da wasu su sani? Mai kiwo a ɓoye ba ya son abokin kiwo.

Laraba, 6:00 na yamma

Auta ta kawo min abinci mara gishiri, kamar kullum, kamar horo. Cikin hira ta ce mijinta ya tsiri fita da sassafe duk Talata da Juma'a, wai motsa jiki. Mutumin da ko shagon maƙwabcinsa sai ya hau babur.

Na ce madalla.

Juma'a, 5:30 na yamma

Ya zo aski. Duk sati biyu, ranar Juma'a, ƙarfe huɗu, tun yana neman Auta, shekara shida bai taɓa fashi ba. Ranar farko ma dalili ya nema na gaishe ni, kansa ba abin askewa. Ban taɓa cewa ba na son yaron nan ba. Shirunsa ne ba na so. Mutum ya zauna a kujerarka minti ashirin, “Sannu, Baba” da “Na gode, Baba” su ne dukan abin da za ka samu, ina za ka san cikinsa?

To amma kai ba ya yi wa wanzami ƙarya. Ina sa matsefi sai ga ɓarɓashin busasshen ganye. Bayan kunnen dama ga ƙwayar ciyawa mai maƙalewa, irin ta bakin ƙorama, wadda nake cirewa daga safata duk Asabar. A ƙeyarsa ga karcen ƙaya sabo fil. Da ya fito da hannu daga ƙarƙashin mayafi ya karɓi ƙaramin madubi, na ga yatsunsa biyu da yanka siriri, a miƙe, irin na waya.

Na ce, “Gareji ya koma daji ne?”

Ya ce, “Na'am, Baba?”

Na ce, “Ciyawa na gani.”

Ya ce, “Iska ce, Baba.”

Iska. Na riƙe reza a ƙeyar mutumin nan, na ja masa layi madaidaici kamar yadda na saba. Wannan na rubuta don a san ni ƙwararre ne.

Jini 161 bisa 98. Zato zunubi, na sani. Amma biri ya yi kama da mutum.

Asabar, 3:20 na yamma

Ta zo.

Bari in fara da wannan, don shi ne mai daɗin. Bakwai da 'yan mintoci ta fito ta bayan dutsen, ƙafa ɗaya a sama, hanci yana rawa. Ta kalle ni, na kalli ƙasa, don ba a haɗa ido da su. Na ƙirga numfashi sittin kafin in ɗaga kyamara. Ta ɗauki ɓaure ɗaya tana taunawa a gefen baki kamar tsohuwa mai ciwon haƙori. Hoto bakwai na ɗauka, a na ƙarshe rana ta bugi tukkun nan har ana iya ƙirga gashin. 'Yan gudu sun riga sun wuce, ana jin shewarsu can sama. Na ji tausayinsu, wallahi.

Yanzu ɗayan.

Yau na sa masa ido. Kafin mu kai mashayar ƙorama ya ce, “Baba, ku ɗan zauna, zan zagaya.” Ya ɗauki jakarsa ya shiga gaba. Kafin dutsen rema, zai zagaya. Kafin ɓaure, zai zagaya. Sau uku cikin awa ɗaya, mutumin da ko ruwa bai sha ba. Kuma wa ke zagayawa da jaka? Ashe makonni ke nan yana yin haka, ni ina can ina gyaran hancin kyamara.

Da muka sauko ya je duba tayar babur, ya bar jakar kusa da ni. Maganina yana aljihun gefe, don haka ina da hujjar buɗewa. Ban tsaya a aljihun gefe ba.

Filaya. Waya biyu a naɗe, kowace da zarge a baki, ɗaya har da ƙasa a jiki.

Na rufe. Ya dawo ya ce, “Baba, kun sha maganin?” Na ce na sha. Na hau bayansa, na riƙe kafaɗarsa har gida, ina kallon layin da na ja masa jiya. Da ɗan gari akan ci gari. Wata biyar yana ɗauke da kujerata, ni ina nuna masa ɗakin kowace dabba kamar dillalin gidaje.

Lahadi, 10:00 na safe

Mijin 'yata ne.

Lahadi, 2:00 na rana

Mai Tukku kuma ba ta da kowa sai ni.

Talata, 12:30 na rana

Na rufe shago awa biyu. Na je inda na je, na faɗi abin da na gani. Abin da na gani kawai, ban ƙara gishiri ba. Ofisa ya rubuta, ya tambaye ni layin da garejin yake. Ya ce, “Baba, ba kowa ne zai iya wannan ba.”

Na ɗauka zan ji sanyi. Jini 170 bisa 100.

Alhamis, 6:15 na yamma

Auta ta zo ba kwano a hannu. Ba ta zauna ba.

Jiya masu gadin daji sun je garejin, su uku da kayan sarki, gaban masu jiran gyara. Sun zazzage akwatin kayan aikinsa a ƙasa, sun kwashe duk wata wayar birki, sabuwa da tsohuwa, kamar akwai bakaniken da ba shi da ita. Sun karɓe katinsa na shiga gandu, sun ce in aka ƙara ganin ƙafarsa ciki sai ofishin 'yan sanda. Mai walda na gefensa har ya fara kiransa Maharbi. Mutum biyu sun tura baburansu sun kai wani wurin.

Ta ce, “Baba, kai ne?”

Na ce, “Me ya ce miki?”

Ta ce, “Bai ce komai ba. Ka san shi. Ya zauna ya ci abincinsa, ya ce in tabbatar kana shan magani. Baba, kai ne?”

Na ce, “Abin da idona ya gani na faɗa.”

Ta kalle ni irin kallon da uwarta ke yi min in na dawo da labarin da ya fi abin da ya faru tsawo. Ta ce, “Da ka tambaye shi.”

Na ce, “Na tambaye shi, ya ce iska ce.”

Ta juya za ta fita, ta tsaya gaban madubi, ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka za ta yaba sabon, wanda na manna ranar Litinin, na tukku a rana. Sai ta fita abinta. Gidan nan nasu kowa ya koyi shiru.

In mai gaskiya ne, me ya hana shi magana? Wannan nake ta tambayar kaina. Mai gaskiya ai ihu yake yi.

Asabar, 2:45 na rana

Na je ni kaɗai a motar haya. Kujerar nan ashe nauyi gare ta. Gorar ma. Ban taɓa sanin akwai wani hawa kafin ƙorama ba, a nan yake riƙe min gwiwar hannu, ya yi kamar shi ne ke neman madogara.

Na isa ɓaure takwas saura, na makara. Na zauna har tara. Kurege ya zo, wasu tsuntsaye masu jan baki sun zo. Ita ba ta zo ba. Ba mamaki ta zo ta tafi.

Na duba gindin bishiyar sama-sama, ban ga waya ba. Amma ni ban san yadda ake dubawa ba. Ban san ko a ƙasa ake sawa ko a tsayin gwiwa ba.

Aƙalla yanzu an samu lafiya. An samu lafiya.

Litinin, 11:00 na safe

Mai hular saƙa ya leƙo, bai zauna ba, kansa bai taru ba. Ya tsaya ya kalli sabon hoton, ya ce, “Har yanzu tana nan ke nan.” Na ce tana nan daram. Na ba shi labarin surukina ma, kaɗan, ban kama suna ba.

Laraba, 5:50 na yamma

Ban auna jini ba.

Ofisa ya zo shago wajen ƙarfe uku, da kayan gida. Ina tsakiyar yi wa wani yaro aski, ya zauna a benci ya jira. Da uban yaron ya ja shi suka fita, ya ce, “Baba, zauna.” A shagona wani yake ce min in zauna.

Jiya da safe suka sami Mai Tukku a mace. Gindin ɓaure, a 'yar hanyar da take bi ta bayan dutsen. Ya ce ga alama tun Litinin. Ya fara gaya min yadda wayar ta yi, na ɗaga masa hannu.

Na ce, “To ya koma ke nan, duk da kun hana shi.”

Ya ce, “Bai koma ba. Na sa an sa masa ido, daga gida sai gareji.” Ya shafa fuskarsa. “Ka tuna wayoyin da na nuna maka a ƙusa? Na ɗauka yarana ne ke cirowa. Kowane ya ɗauka ɗan'uwansa ne. Duk Talata da Juma'a kafin a buɗe ɗakin gadi ake samun sababbi. Juma'ar da ta wuce babu. Jiya babu. Na tara su na tambaya, ba wanda ya taɓa rataye ko ɗaya. Ban da ukun nan nawa, goma sha tara ne, Baba. Mutum ɗaya ya cire su.”

Na ce, “To me ya hana shi faɗa?”

Ya ce, “Ya faɗa. Ya ce cirewa yake yi. Kowane mai tarko haka yake cewa. Sai na tambaye shi yadda aka yi ya san daidai inda za a ɗana, ba kuskure. Nan ya yi shiru. Awa biyu, ko uffan.”

Yana maganar ne yana fuskantar madubi. Na ga lokacin da idonsa ya bar fuskata ya koma gefe. Ya tashi, ya matsa, ya sa tabarau. Ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar ɗan aji ɗaya.

“Mashayar ƙorama, bayan gadar itace, shida da rabi. Dutsen rema, gefen gabas, da hantsi. Gindin ɓaure, bayan dutsen da ya tsage, bakwai da minti goma.” Ya juyo. “Mutum nawa ke zama a kujerar nan a rana?”

Na ce, “Sha biyar. Ashirin in ana kusa da ƙarshen mako.”

“Kuma kana ba su labari.”

Wanzami dai ba ya son jarfa.

Bai yi min faɗa ba. Da ya yi da ya fi. Ya ciro katin Bakanike daga aljihu ya ajiye kusa da almakashi, ya ce shi zai je garejin da kansa ya yi magana gaban mutane, amma katin gara ya fito daga hannuna. Ya tambaye ni ko akwai wanda ya cika tambaya. Na ce mai hular saƙa. Sai na tuna direban tipa ma ya tambaya. Da mai gemun nan da ke zuwa ranar Lahadi. Da ƙanen mai shayi. Na buɗe baki zan ba shi su duka, sai na tuna yau kwana takwas da na ba shi wani sunan, da tabbaci irin wannan.

Na ce ban sani ba.

Alhamis, 9:00 na safe

Na cire hotunan. Goma sha biyar. Fentin da ke ƙarƙashinsu ya fi na bangon haske, yanzu gefen madubi kamar allon da aka goge.

“Garin gashi yana ɓata su.” Haka ya ce. “Rubutun nan na ƙasa.” Sau biyu ya gaya min, da irin harshen da yaro mai tarbiyya zai iya.

Alhamis, 6:30 na yamma

Na je garejin. Yana ƙarƙashin rumfa, babur ɗaya tak a gabansa. Yana ganina ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya durƙusa, ya jawo min benci ya kaɗe shi da rigarsa. Mai walda ya kashe injinsa don ya ji da kyau.

Na miƙa masa katin. Na shirya magana tun daga shago, doguwa, mai kai da ƙafa. Ni da ba a taɓa rasa ni da abin faɗa ba. Abin da ya fito shi ne, “Me ya sa ba ka gaya min ba?”

Ya ce, “Baba, likita ya ce kada a tayar muku da hankali.”

Na ce, “Ban da wannan.”

Ya daɗe yana juya katin. Ya ce, “Tun da kuka tashi daga ciwon nan ban ga kuna dariya ba sai a kan hotunan nan. Kuma shagonku ne. Ta yaya zan ce muku ku yi shiru a shagonku?” Sai ya ce, “Na ɗauka zan iya riga su kullum.”

Na ce masa na zalunce shi. Na ɗaga murya don mai walda ya ji, shi da duk layin. Na ce ya yafe min.

Ya ce, “Haba, Baba, ba komai. Ya wuce.”

Ya tare min mota, ya buɗe min ƙofa, ya ce wa direba ya bi a hankali. Duk abin da ake yi wa baƙo mai daraja ya yi min.

Juma'a, 5:45 na yamma

Yau ranarsa ce. Tun uku da rabi na sallami mutum biyu, na ce kujera da mai ita. Na sa sabuwar reza, na wanke mayafin.

Huɗu. Huɗu da rabi. Biyar.

Ƙila aiki ne ya dawo masa.

Na yi wa mutum tara aski yau ban ce da kowa komai ba sai “juya” da “sunkuya”. Wani ya tambaye ni ko jikin ne. Wani ya ce ina hotuna. Kowane kai na kalla sai in ga kamar shi ne.

Asabar, 1:10 na rana

Jini 152 bisa 94. Tafiya: zuwa ƙorama da dawowa.

Shida saura kwata na ji hon a ƙofa. Na fito da takalmi ɗaya a hannu, don kada ya ga kamar ban shirya ba ya tafi. Ga kujera ɗaure a bayan babur, ga gora, ga jakar. Ya sauko ya gaishe ni, ya tambayi kwana, ya tambayi magani. Na ce a raina, yaron nan zinare ne, ya wuce da gaske.

Na hau bayansa. Na dafa kafaɗarsa. Gari ya fara haske.

An yi masa aski.

Sabo, na jiya. Kilifa mai lamba biyu, ni kuwa ɗaya da rabi nake sa masa, don gashinsa yana kwantawa ta hagu. An bar masa tsiro bayan kunne. Layin ƙeya ya karkace, ya hau ta dama kusan faɗin yatsa, kuma wanda ya yi ya yanke shi kaɗan a inda ƙashin nan ya ɗan taso, inda shekara shida nake sassauta hannu.

Tafiyar minti ashirin da biyar ce zuwa ƙofar gandu. Ba inda zan kalla sai nan.

A hawan nan na kafin ƙorama ya riƙe min gwiwar hannu kamar kullum. Ya ce, “Baba, a hankali.” Ya buɗe min kujera, ya tsaya a bayana. Makwarwa ta ratsa da 'ya'yanta, ban cire murfin kyamara ba. Ya ce ko za mu ƙarasa ɓaure, na ce nan ma ya isa.

Da muka dawo ya sauke ni, ya miƙo min gorar. Reza na aljihuna, sabuwar ta jiya, minti biyu ya ishe ni in daidaita layin nan. Na buɗe baki.

Na ce, “Ka gaida Auta.”

Ya ce, “Za ta ji, Baba.”